Ranar da kogin Isa zai sake tsayawa, me Yamai za ta sha?

A cikin watan Yuni na shekarar 1985 kogin Isa, wanda Hausawa ke kira Kwara, ya daina gudu a gaban birnin Yamai. Tun da aka soma auna ruwansa a 1929 ba a taɓa ganin haka ba. Kogin da ya taso daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali, ya shayar da garuruwa ba iyaka, sai ga shi ya koma ƴan tabkuna tsakanin yashi, mutane na tsallakawa zuwa Harobanda da ƙafa. Mahukuntan lokacin suka yi gaggawar tare sauran ruwan da shingen ƙasa don kada famfunan birni su bushe, aka kuma shiga haƙa rijiyoyin burtsatse cikin unguwanni. Allah ya kawo sauƙi, damana ta faɗi, kogi ya sake motsi. A wancan lokaci mazauna Yamai ba su cika dubu 400 ba. Yau sun ninka haka sau uku da ɗoriya, amma mashayarsu tana nan guda ɗaya kamar jiya.

Wannan jarida na ganin lokaci ya yi da za a ɗora wannan magana bisa faifai, tun ana cikin yalwa. Babban birnin ƙasa, inda fadar shugaban ƙasa da manyan asibitoci da jami'a da barikokin soja suke, ya rataya ransa ga kogin da ya taɓa tsayawa cikin rayuwar mutanen da har yanzu suna nan da ransu. Tarihin wannan yanki ya nuna cewa fari baƙo ne mai komowa, kuma wani lokaci idan ya zo yakan zauna shekaru gomomi. Tambayar da ta kamata magabata su amsa a bainar jama'a ita ce: ranar da abin ya sake faruwa, kwana nawa Yamai za ta iya yi kafin famfo ya ƙafe, kuma wane shiri aka yi wa wannan rana?

Shekarun da ke da suna

Kakanni ba su bar alƙaluman ruwan sama ba, amma sun raɗa wa munanan shekaru suna don kada a manta da su. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka kira Kakalaba, Zabarmawa kuma Gande Beri, ta biyo bayan damanu marasa albarka a jere, ta kashe mutane daga gaɓar kogi har ƙasar Kano. A 1931 fara ta haɗu da fari a yammacin ƙasa, aka yi Dowa Jire, wato shekarar fara. Turawan mulkin mallaka suka ci gaba da karɓar haraji alhali rumbuna sun yi kango, ƙauyuka suka watse. A farkon shekarun 1950 aka yi Gari Jire, shekarar da garin rogo ya zama abincin kowa. A tsakiyar shekarun 1960 aka yi Banda Bari, wato juya baya, don mutum yakan juya wa ɗan'uwansa baya idan zai ci abinci. Masanin tarihi Boureima Alpha Gado na jami'ar Yamai ya tattara waɗannan sunaye da labarinsu a littafinsa na tarihin yunwa a Sahel wanda ya fito a 1993.

Daga 1968 sai aka shiga abin da ya fi duk waɗannan tsawo. Ruwan sama ya ragu a faɗin Sahel, ya ci gaba da raguwa har tsakiyar shekarun 1980. Iyakar inda gero ke nuna ta ja baya zuwa kudu da fiye da kilomita 100. Garkunan Abzinawa da Fulani suka ƙare a 1973, masu su suka kwararo birni. Unguwar Lazare ta yau ta gaji sunan wurin da aka tsugunar da dubban waɗannan bayin Allah. A 1974 kogi ya kusa tsayawa a Yamai. A 1984 aka yi El Buhari, shekara ta zagayo kogin ya tsaya ɗungum. A gabas kuwa tabkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai murabba'in kilomita dubu 25 a farkon shekarun 1960, ya janye har ya bar gaɓar Gigimi a bushe.

Mai son kwantar wa kansa da hankali zai ce wannan musiba ce da ta zo sau ɗaya ta wuce. Tsofaffin littattafai ba su goyi bayansa ba. Malaman Tambutu sun rubuta yunwa da annoba da suka auka wa lanƙwasar kogi a ƙarni na 17, cikinsu har da wadda ta ɗauki shekarun 1639 zuwa 1643, sannan wata mafi muni da ta soma wajen 1738 ta yi ta komowa shekara da shekaru. Kimiyyar zamani ta ƙara haske. A 2009 wasu masu bincike sun bayyana sakamakon aikinsu kan lakar ƙasan tabkin Bosumtwi da ke kusa da Kumasi a Gana, inda laka ke kwanciya shekara bisa shekara kamar shafukan littafi. Sun karanta shekaru kusan dubu 3, suka tarar cewa fari na shekaru 30 zuwa 40, irin wanda Sahel ta gani a ƙarnin da ya wuce, abu ne mai maimaita kansa, yana bin sauyin ɗumin tekun Atalantika. Suka kuma tarar da wanda ya fi shi: fari na ɗaruruwan shekaru, na baya-bayan nan daga wajen 1400 zuwa 1750, lokacin da tabkin ya janye har itatuwa suka tsiro a inda yau ruwa ya rufe. Gana ba Nijar ba ce, amma iskar damana ɗaya ce ke kawo wa ƙasashen biyu hadari daga teku. Ma'anar wannan a bayyane take: shekaru kusan ɗari da aka yi ana auna kogi a Yamai ɗan taƙi ne cikin tarihinsa, kuma ba lalle ne mafi munin abin da zai iya yi ya faɗo cikinsu ba.

Kogin da ake ara

Wajibi ne a fahimci yadda wannan kogi yake, domin yawancin masu shansa sun ɗauka ruwan saman Nijar ne ke cika shi. Tsawonsa ya kai kilomita dubu 4 da 200, kimanin 550 ne kawai ke cikin ƙasar nan. Sau biyu yake cika a Yamai cikin shekara. Cikar farko ita ce ta jan ruwa, a watannin Agusta da Satumba, wadda rassan Sirba da Dargol da Goruwal ke kawowa daga ɓangaren Burkina Faso. Tana zuwa da sauri, tana wucewa da sauri. Cika ta biyu ita ce ta ruwan Gini, wanda ke sauka can a damana, ya bazu cikin fadamun tsakiyar Mali inda rana ke shanye kaso mai yawa daga cikinsa, sannan ya iso Yamai cikin sanyin Disamba da Janairu. Daga nan sai raguwa, har watannin Mayu da Yuni lokacin da kogi ke kai wa ƙarshen ƙarfinsa. Wannan lokaci shi ne na tsananin zafi, shi ne kuma lokacin da birni ya fi bukatar ruwa.

Abin da ke isowa Yamai a bazara ya dogara ne ga damanar Gini ta bara, da kuma shawarar da ake yankewa a Mali. Madatsar Selinge, wadda ta soma aiki a farkon shekarun 1980, tana sakin ruwa da rani don samar da lantarki, wannan kuwa yana tallafa wa kogi. Amma a Markala, inda Turawa suka kammala madatsa a 1947, ana karkata ruwa zuwa gonakin shinkafa da rake na Office du Niger, kuma da rani abin da ake ɗiba babban kaso ne na ɗan abin da ya rage. Mali na da burin faɗaɗa gonakin, tana da shirin madatsar Tawsa. Gini na da nata na Fomi. Kowace ƙasa na da haƙƙin neman ci gaban mutanenta. Sai dai duk wanda ke ƙasan kwari ya san cewa sai na tudu ya sha ya bari.

Ba a rasa hukumomin da suka san duk wannan ba, a Yamai ma suke zaune. Hukumar kogin Neja ta ABN, wadda ta haɗa ƙasashe 9, a nan hedkwatarta take, kuma a nan ne aka sa hannu kan yarjejeniyar ruwan kogin a watan Afrilu na 2008. Cibiyar AGRHYMET, wadda aka kafa a 1974 sakamakon farin wancan lokaci, tana Harobanda tana auna ruwan sama da na koguna. Ilimi na nan jibge. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai ɗaukarsa ya mai da shi aiki.

Ruɗin ambaliya

Za a ce, a shekarun nan ai ambaliya ce ke damun Yamai, ina ruwan jama'a da zancen fari? Gaskiya ne. A 2010 da 2012 kogi ya shiga gidaje. A watan Satumba na 2020 ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, inda 620 ke nufin haɗari mafi girma. Ganuwa ta fashe, Lamorde da Kirkisoye da Saga suka sha ruwa. A damanar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a faɗin ƙasa, ta shafi sama da miliyan 1. Babu mai musun wannan bala'i.

Amma mai hankali ba ya zubar da ruwan randarsa don ya ga hadari. Masana da suka bi diddigin jan ruwa sun nuna cewa ƙaruwarsa ba ta zo daga yawan ruwan sama kaɗai ba. An sare itatuwa, an nome dazuzzuka, ƙasa ta zama faƙo ba ta shan ruwa. Abin da ya sauka sai ya gangara kai tsaye cikin koramu, ya kwaso yashi ya juye a kogi. Wanda ya ga tulin yashin da koramar Kurtere ta zubar a 1998 ya san irin wannan aiki. Ruwan da ya wuce cikin makonni kaɗan a Satumba ba ya amfanar kowa a Mayu, tun da babu inda ake adana shi. Yashin da ya bari kuwa yana cike cikin kogi, yana sa ambaliya ta fi sauƙin hawa gaɓa, yana kuma cinye gurbin da ake tara ruwan rani. Masana da yawa na hasashen cewa ɗumamar duniya za ta iya ƙara ruwan sama a tsakiyar Sahel, amma ruwa mai zuwa da ƙarfi lokaci guda, tare da zafin da ke ƙara shanye abin da ya kwanta. A Yamai rana na iya ɗauke fiye da mita 2 na ruwan da ke kwance a fili cikin shekara. Birni na iya nutsewa a Satumba ya yi ƙishirwa a Yuni, duk a cikin watanni goma.

Lissafin da ba ya ƙarya

Tashoshi biyu ke tace ruwan da Yamai ke sha: ta Yantala, wadda ta samo asali tun farkon shekarun 1950, da ta Gudel wadda aka yi ta faɗaɗawa. Duka biyun daga kogi suke ɗiba. Bayan firgicin 1985 an gina shinge a Gudel a ƙarshen shekarun 1980 don ya riƙe kimanin mita kubik miliyan 3 idan kogi ya tsaya. Mita kubik 1 lita dubu ce. A ɗauka mazauna birni miliyan 1 da rabi ne, a ba kowa lita 50 a rana, wato abin sha da girki da wanka da wanki a tsuke: ana bukatar mita kubik dubu 75 kullum. A wannan lissafi ajiyar Gudel kwana 40 za ta yi. Ba a cire abin da rana za ta shanye ba, ba a cire gurbin da yashi ya cinye cikin shekaru fiye da 30 ba, ba a lissafa asibitoci da kasuwanni da mahauta da masu lambu da dabbobi ba, balle abin da ke yoyo a bututu. An gina wannan shinge ne don birni mai mutum dubu 400.

Akwai bambanci tsakanin yunwa da ƙishirwa wanda magabata ya kamata su riƙa tunawa. Ƙasa ta koyi adana hatsi. Tun 1970 akwai OPVN da rumbunanta, kuma idan gero ya gaza ana iya ɗauko shinkafa da masara daga bakin teku. Ruwan birni ba ya ɗaukuwa haka. Mita kubik dubu 75 a rana daidai yake da tankar mota dubu 2 da 500 masu lita dubu 30 kowace, kullum, babu hutu. Ina motocin suke, kuma daga wace rijiya za su ɗebo? Ruwan ƙarƙashin ƙasar Yamai ba shi da yawa, domin dutse ne a ƙasan yawancin birnin, kuma bincike ya daɗe da nuna cewa rijiyoyi da dama sun gurɓata da ruwan masai da na kwata.

Ko ba fari ma, dogaro da hanya guda haɗari ne. A watan Satumba na 2013 fashewar bututu ɗaya a tashar Keur Momar Sarr ta bar unguwannin Dakar da dama babu ruwa fiye da mako biyu. Injinan Gudel da Yantala da lantarki suke aiki, kuma ƴan Nijar sun ɗanɗana abin da ya faru a watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya, wadda a lokacin take ba ƙasar nan kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta, ta katse layi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli.

Abin takaici shi ne tarihin birnin kansa gargaɗi ne. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926 shi ne ƙarancin ruwa a Damagaram. Mutanen Damagaram sun shafe shekaru suna bin layin famfo da tsakar dare, ana yi musu alkawari gwamnati bayan gwamnati. Yamai ta samu sarauta albarkacin kogi, mutanenta suka tashi daga kimanin dubu 30 a 1960 zuwa sama da miliyan 1 a ƙidayar 2012. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Kandaji, alkawarin da ya tsufa

Duk lokacin da aka ta da wannan magana amsar mahukunta kalma ɗaya ce: Kandaji. Madatsar da za a gina kimanin kilomita 180 a saman Yamai, kusa da Ayoru cikin jihar Tilaberi, an tsara ta riƙe fiye da mita kubik miliyar 1 da rabi, wato ninkin ajiyar Gudel sau 500, ta samar da megawat 130 na lantarki, ta shayar da gonaki hekta dubu 45, ta kuma tabbatar da gudun mita kubik 120 cikin daƙiƙa a Yamai ko da tsakiyar bazara. A takarda babu abin da ya fi wannan dacewa da matsalar.

Sai dai tun shekarun 1970 ake wannan zance. Shugaba Tanja Mamadu ya aza tubalin farko ranar 3 ga Agusta 2008. An ba wani kamfanin Rasha aikin, aka soke kwangilar a 2013 ba tare da an ga abin kirki ba. Shugaba Isufu Mahamadu ya sake ƙaddamar da aikin a watan Maris na 2019 a hannun kamfanin Gezhouba na ƙasar Sin. A watan Agusta na 2023 kamfanin ya dakatar da aiki saboda masu ba da lamuni sun rufe aljihu bayan juyin mulki. Jaririn da aka haifa ranar da aka aza tubali ya zama saurayi, madatsa ba ta tare ko ɗigo ba. Mulkin farar hula da na soja duk sun gaji wannan alkawari, duk sun yi tinƙaho da shi a jawabai, babu wanda ya fito ya yi wa ƴan ƙasa cikakken bayanin nawa aka kashe da abin da ya hana aiki tafiya.

Ko an gama ta, Kandaji ba za ta ɗauke wa kowa nauyin tunani ba. Dubban gomomin mutane ne za a tayar daga gidajensu da gonakinsu, kuma haƙƙinsu bashi ne a wuyan ƙasa. Wurin yana cikin yankin da tsaro ya taɓarɓare. Yashin da ke cike Gudel zai nufi Kandaji shi ma idan ba a gyara ƙasar da yake fitowa ba. Maƙwabta sun nuna cewa abin mai yiwuwa ne idan an ɗaura niyya: Wagadugu, wadda ba ta da kogi kamar na Yamai, ta gina madatsar Ziga mai mita kubik miliyan 200, ta soma sha daga gare ta a 2004. Nuwakshot ta jawo ruwan kogin Senegal daga nisan kusan kilomita 200 a 2010.

Wa zai fara jin jiki?

Ranar da ruwa ya yi ƙaranci ba kowa zai ji shi daidai ba. Mai gida a Plateau ko Kwara Kano yana da tanki bisa soro, wani ma yana da rijiyarsa ta burtsatse. Matar Kwara Tegi ko ta bayan filin jirgi, wadda ko a shekarar yalwa takan tashi tsakar dare a watan Afrilu tana jiran famfo ya yi tari, ita ce za ta fara ɗanɗanawa. Talaka ne ke sayen ruwa da tsada tun yanzu. Bido mai lita 20, ko a dala biyar ɗan garuwa ya sayar da shi, mita kubik ta tashi jika ɗaya da dala hamsin ke nan, alhali farashin rukunin farko ga mai famfo a gida bai kai sefa 150 ba a shekarun 2010. Ɗan garuwa ba shi da laifi, ƙarfinsa yake sayarwa. Amma idan layi ya yi tsawo kuɗin bido na hawa, gidan da ya kasa saye sai ya koma ga ruwan tabki da na rijiyar da ba a amince da ita ba. Daga nan zawo da kwalara ke shigowa, yara ƙanana ne kuma ke fara tafiya.

An sha canja sunan masu kula da ruwa. A 1987 an cire shi daga NIGELEC an kafa SNE. A 2001 aka raba aikin gida biyu, SPEN ta gwamnati mai riƙe da kadarori da zuba jari, da SEEN mai rarrabawa wadda kamfanin Faransa da aka sani yau da Veolia ke da rinjaye a ciki. Adalci ne a ce a wannan zamani gidaje da yawa sun samu famfo. Daga farkon 2024 gwamnati ta karɓe rarrabawar ta damƙa wa sabon kamfanin ƙasa, NDE. Masu murna da wannan mataki sun ce ruwa ya dawo hannun ƴan ƙasa. To, madalla. Amma wanda ya karɓi mabuɗi ya karɓi alhaki. Daga yanzu babu baƙon da za a nuna wa yatsa. Kuma kogi bai san sunan kamfanin da ke rubuce a kan takardar biyan kuɗi ba.

Masu mulki su tuna cewa fari ya taɓa kayar da gwamnati a ƙasar nan. Lokacin da Seini Kunce ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, yadda aka tafiyar da yunwa da taimakon abinci na cikin manyan dalilan da sojoji suka bayar. A 2005 hukumomi sun yi ta musun cewa akwai yunwa alhali asibitocin Maraɗi sun cika da yara masu tamowa, musun bai ciyar da kowa ba, ya dai zubar wa ƙasa mutunci. Talakan ƙauye ya saba haƙuri da yunwa nesa da idon fada. Ƙishirwar babban birni kuwa a ƙofar fada za ta tsaya.

Abin da ya wajaba

Na farko, a faɗi gaskiya. A auna gurbin Gudel a gaya wa jama'a mita kubik nawa ya rage bayan yashi, da kwanakin da zai iya ɗaukar birni. Daga Maris zuwa Yuli a riƙa sanar da tsayin kogi da yawan ajiya kowane mako a gidajen rediyo, da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasa. Birnin Kef na Afirka ta Kudu ya kusa ƙafewa a 2018. Abin da ya cece shi har da bayyana wa mazauna matsayin madatsu mako-mako, aka taƙaita wa kowa lita 50, jama'a suka rage shan ruwa da fiye da rabi don sun ga lissafi da idonsu. Mutanen Yamai ba su fi su taurin kai ba, sai dai ba a taɓa nuna musu alƙaluma ba.

Na biyu, a rubuta shirin ko-ta-kwana a kuma wallafa shi: yadda za a tabbatar wa asibitoci da gidajen haihuwa da makarantu ruwa, yadda za a raba shi tsakanin unguwanni ba tare da fifita masu hali ba, waɗanne rijiyoyi aka gwada aka tabbatar da tsabtarsu, wane farashi ne ba za a wuce ba a famfunan unguwa. A ba tashoshin tacewa wutar kansu wadda ba ta jiran kowa. Ma'aikatun gwamnati su zama na farko wajen biyan kuɗin ruwa da gyara famfunan da ke zuba dare da rana.

Na uku, a yi wa ƴan ƙasa bayanin Kandaji dalla-dalla: abin da aka kashe tun 2008, abin da aka gina, abin da ya rage, inda kuɗin zai fito da ranar gamawa. Ƙasar da ke sayar da yuraniyom tun 1971, ta kuma soma fitar da ɗanyen mai ta bututu a 2024, ba ta da hujjar barin ruwan shan babban birninta a hannun masu lamunin da ke buɗe aljihu su rufe gwargwadon yanayin siyasa.

Na huɗu, Mali da Burkina Faso, inda ruwan ke ratsowa, su ne ƙawayen Nijar na kusa a ƙawancen AES. Zumunci a ƙafa yake. A nemi rubutacciyar yarjejeniya wadda kowa zai iya karantawa, kan mafi ƙarancin ruwan da za a saki daga Selinge da Markala a shekarar fari, a kuma jawo Gini ciki ta hanyar ABN. Irin wannan magana cikin yalwa ake yin ta, domin ranar ƙunci kowa kansa zai sani.

Na biyar, a koma kan tudu inda yashi ke fitowa. Manoman Tawa da Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin hekta ta hanyar tassa da rabin-wata da barin itatuwa su tsiro a gona. Abin da ya yiwu a Keita zai yiwu a kan tuddan da ke kewaye da Yamai, idan an hana sare sauran itatuwa da yanka filaye a bakin koramu.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ƙasa, babu kuma wanda ke bukatar a jira baƙo. Ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula da malaman jami'a da ƴan jarida su ma suna da nasu rabo, domin sun fi son zancen kujera da zancen randa. Ruwan sama na Allah ne, shi ke saukar da shi lokacin da ya so. Tanadi kuwa aikin masu mulki ne, a kansa za a tambaye su. Ba a fafe gora ranar tafiya.